Abin da ya Riƙe Masihiyawan Karkarar Kano

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gezawa a tsakiyar damina da wuya ya ga taku goma na ƙasar da ba a shuka ba. Gero da dawa sun rufe ko'ina, wake da gyaɗa na kwance a ƙarƙashinsu, kuka da ɗorawa da gawo na tsaye a cikin gonaki, kowace bishiya da mai ita. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna yadda manomansa ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, saboda takin da ake kai mata a kan jakuna. A shekarun 1990 kuma Frances Harris ta zauna a Tumbau, cikin ƙasar Gezawa, ta bi diddigin yadda harawar wake da ta gyaɗa ke shiga cikin tumaki da awaki ta komo gona ta zama taki. Ƙasa ce da mutane suka yi wa yawa, ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Gezawa mutum sama da 280,000, kuma a irin wannan wuri babu mai ɓuya. Maƙwabcinka ya san ranar da ka yi shuka, ya san abin da ka yanka ran suna, ya san wanda ya zo maka gaisuwar mutuwa da wanda bai zo ba.

Gezawa ƙasar Musulmi ce tun kaka da kakanni, babu mai gardama a kan haka. Sai dai a cikin wannan karkara ta Kano, daga Yadakunya da ke nan kusa zuwa Karaye da Rogo da Sumaila, akwai Hausawa haifaffun ƙasa da suke Kiristoci, waɗanda da yawansu ke kiran kansu Masihiyawa. Ba su da yawa, kuma tarihinsu bai cika shekara ɗari ba a galibin wurare. Tambayar da ta cancanci a yi ita ce: me ya riƙe su? Turawan mishan da suka kawo musu bishara sun tafi, akasarin asibitoci da makarantun da aka san mishan da su sun koma hannun gwamnati, amma ƙananan majami'u na ƙasa da kwano suna nan ana sujada a cikinsu da Hausa. Ra'ayina shi ne al'ada ce ta riƙe su, wato tsararrun ayyuka da ake maimaitawa a haihuwa da aure da girbi da mutuwa, waɗanda suka sa bangaskiya ta zama abin da ake gani a tsakar gida. A ƙasar da kowa ke kallon kowa, addinin da ba shi da amsar yadda za a yi suna ko yadda za a binne mamaci ba ya wuce tsara ɗaya.

Kiristanci bai shigo ƙasar Kano da sauƙi ba, kuma sanin wannan shi ne mabuɗin fahimtar sauran labarin. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano mai suna Ibrahim, wanda karatunsa na Alkur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman zamaninsa suka yarda. An kashe shi, mabiyansa da aka sani da Isawa suka watsu, wasu suka nufi ƙasar Ningi. Ba Kiristoci ba ne a ma'anar da aka sani yau, amma a 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, aka kafa musu mazauni a Gimi. Shi kansa Miller yana cikin tawagar Bishof Tugwell da ta iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, gwamnatin mulkin mallaka kuwa ta riƙe wannan alkawari don amfanin kanta, ta hana 'yan mishan sakewa a masarautu shekaru da dama. Majami'un da suka tashi a Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 na baƙi ne, ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, a Sabon Gari. Manomin ƙauyen Jogana da ke kai gyaɗarsa tasha bayan an buɗe layin Nguru a 1930 yana iya jin ƙararrawar coci idan ya shiga birni, amma a wurinsa wannan sha'anin baƙi ne.

Ƙofar karkara ta buɗe ne ta hanyar jinya. A 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, hukumomin gargajiya suka damƙa wa mishan ɗin SIM kula da mazaunan masu cutar kuturta: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano. Shobana Shankar, wadda ta rubuta littafi a kan asalin Kiristanci a Arewa, ta nuna cewa yawancin Hausawan farko da suka karɓi addinin a wannan yanki sun fito ne daga irin waɗannan wurare: majinyata, marayu, matafiya, da samarin da suka koyi karatun boko da aikin ba da magani. Yana da kyau a tsaya a kan halin mutumin da aka kai Yadakunya a wancan lokaci. Cuta ta raba shi da gandun mahaifinsa, wataƙila ta raba shi da matarsa, jinya kuma ta shekaru ce, domin kafin zuwan ƙwayar dafson allurar wani mai ake yi musu mai zafi da jinkirin aiki. Irin wannan mutum ya rasa dangi, kuma abin da ya tarar a mazaunin wani sabon tsarin zama ne: addu'ar safe, aikin gona tare, ajin karatu, sujadar Lahadi, da mutanen da za su tsaya masa idan ya nemi aure ko ya mutu. Da yawa sun warke sun koma gida da Musuluncinsu, wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Waɗanda suka zama Kiristoci kuwa sun fita da wannan tsari a hannunsu, suka dasa shi a duk ƙauyen da suka zauna.

Rukuni na biyu, wanda ya fi yawa daga baya, shi ne Maguzawa. Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya bayyana rayuwar da aka gina a kan babban gida da gandu da tsafin iskoki, inda maigida ke yanka kafin shuka da bayan girbi, giya kuma ke tafiya da gayya da biki. Murray Last, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Malumfashi, ya nuna yadda sauya addini ke tafiya da sauyin sana'a da matsayin mutum a kasuwa. Cikin shekarun 1960 zuwa 1980 wannan tsohuwar rayuwa ta yi ta zaizayewa. Mafi yawan Maguzawa suka musulunta, wasu gidaje kuma suka zama Kiristoci, sau da yawa ta hannun masu bishara Hausawa da na ƙasar Jos da kudancin Zariya, da ƙungiyar Sabon Rai don Kowa da ta tashi a farkon shekarun 1960. Bamagujen da ya musulunta ya shiga tsari cikakke da ke jiran sa: ga liman, ga salla, ga azumi, ga zakka, ga maƙwabta da za su koya masa komai. Wanda ya zama Kirista bai tarar da irin wannan ba. Dole shi da 'yan'uwansa su amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wa zai raɗa wa jariri suna? Me za a ba 'yan gayya tunda an bar giya? Me zai maye gurbin yankan da ake yi idan amfani ya shigo gida?

Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce bikin godiyar kaka, kuma a ganina babu al'adar da ta fi shi nuna yadda abin ya kasance. Bayan an gama yankan dawa, rumbuna sun cika, ikilisiya kan sa wata Lahadi. Magidanta su shigo da damman gero da na dawa a ka, mata su biyo da ƙwaryar wake da gyaɗa da kuɓewa busasshiya, wani ya jawo akuya, yaro ya rungumo zakara. Ana tahowa gida gida ana waƙa, a jibge kayan a gaban bagade, fasto ya yi addu'a a kansu. Daga nan dattawan ikilisiya su ware na mai bishara, wanda galibi ba shi da albashin kirki, su ware na gwauraye da marayu, sauran a sayar a sa kuɗin a gyaran rufi ko kuɗin makarantar wani yaro. Mai neman asalin wannan biki zai same shi a wuri fiye da ɗaya. Attaura ta umurci Isra'ilawa su kawo nunan fari, majami'un Ingila suna da nasu bikin girbi da 'yan mishan suka zo da shi, Bamaguje ya saba ba ya cin sabon hatsi sai ya fitar da hakkinsa, maƙwabcinsa Musulmi kuma yana fitar da zakkar amfanin gona a idonsa kowace shekara. Bikin ya zauna daram ne saboda ya faɗo daidai inda manomi ke jin akwai bashi a kansa. Ya kuma yi aikin da wa'azi kaɗai ba zai yi ba: ya ciyar da ma'aikacin ikilisiya, ya rufa wa mabukata asiri, ya koya wa yaro cewa hatsin rumbu ba na gidansu kaɗai ba ne.

Haka abin yake a sauran sassan rayuwa. Suna ya zauna a cikar mako, ana taruwa da sassafe, a yi addu'a, a raba goro, a raɗa Yakubu ko Ishaya ko Bulus ko Rifkatu, sunan rana irin su Ladi da Talatu da Asabe kuma yana nan yadda yake. Aure bai yar da neman izinin iyaye da sadaki da kayan lefe ba, an dai ƙara masa sanarwa a majami'a da ɗaurin alkawari a gaban jama'a. A majami'un ƙauye da yawa maza na zama gefe, mata gefe, mace ba ta shiga ba ɗankwali. Amma ginshiƙin da ya fi ɗaukar nauyi shi ne Zumuntar Mata. Su ne masu zane iri ɗaya da ke waƙa da tulu da caki, ɗaya ta bayar sauran su amsa, da irin muryar da ake daka da ita. Su ne ke zuwa wa mai jego da itace da ruwa, su kwana gidan makoki, su tara ɗan abin da suka samu su biya wa wata kuɗin magani. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, ga kuma Littafin Waƙoƙi da kusan kowane gida ke da shi, amma a ƙauyen da rabin manya ba su iya karatu ba, labarin Yusufu da na Ayuba da na ɗan da ya ɓata ya fi shiga gidaje ta bakin waɗannan mata.

An gwada ƙarfin wannan gini a shekarun 1970. Majami'un da SIM ta haifa sun riga sun zama ECWA tun 1954, amma mishan ɗin ne ke riƙe da yawancin asibitoci da makarantu. Sai gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da akasarin wuraren jinya na mishan, Yadakunya ta koma asibitin gwamnati, Turawa suka ragu ƙwarai. Da a ce magani da boko ne kaɗai suka tara waɗannan mutane, kamar yadda wasu ke cewa, da nan labarin ya ƙare, tunda abin da ake zuwa nema ya koma wani hannu. Bai ƙare ba. Ikilisiyoyin Maguzawa ma a wannan zamanin da bayansa suka fi ƙaruwa. Bayan haka an sha wasu gwaje-gwajen masu zafi: rikicin majami'u a Kano a 1982, tarzomar Oktoban 1991 a kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, da zaman ɗar-ɗar da ya biyo bayan ƙaddamar da shari'a a 2000. Baƙo yana da garin da zai koma idan hankali ya tashi. Bamasihiye ba shi da inda ya fi gonar kakansa, kuma abin da ya sa ya iya zama shi ne yana da jama'ar da ke taruwa ran Lahadi ko da fasto ko babu, da maƙwabtan da suka san shi a gayya da kasuwa da zaman makoki.

Akwai masu suka daga cikin Kiristoci kansu, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa bangaskiya sha'anin zuciya ce, kuma a Linjilar Markus sura ta 7 Yesu ya tsawata wa Farisiyawa saboda sun ɗora al'adar dattawa a kan umarnin Allah. Gaskiya ne al'ada na iya zama ɓawo marar ƙwaya, mutum ya kai damin da ya fi na kowa don a gani. Amma abin da aka tsawatar a wannan sura shi ne al'adar da ta zama hanyar kauce wa hakkin iyaye, wato wadda ta rushe umarni. Manzo Bulus kuwa, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa, ya gargaɗi masu bi su riƙe abin da aka miƙa musu da baki ko a rubuce. Baftisma da Jibin Ubangiji da taron ranar Lahadi duk abubuwa ne da aka gada hannu da hannu kusan shekara dubu biyu. Ma'aunin da ya dace shi ne a duba abin da al'adar ke haifarwa. Idan godiyar kaka ta sa gwauruwa ta kai ga sabon hatsi ba ta yi bara ba, to ta cika umarnin da masu sukar ke tsoron za a rushe.

Suka ta biyu daga waje take zuwa, ta fuska biyu masu karo da juna. Wasu Hausawa Musulmi na ganin Bahaushe Kirista ya bar Hausanci ya bi Bature, wasu Kiristocin kudu kuma na ganin mai sa babbar riga da hula, mai suna Musa ko Haruna, mai durƙusa wa surukinsa, kwaikwayon Musulmi kawai yake yi. Duka biyun sun ɗauka al'adar Hausa mallakar addini ɗaya ce. Babu shakka Musulunci ya ratsa rayuwar Hausawa ƙarnoni da dama, har ya shiga gaisuwa da lissafin kwanaki da tsarin gida, kuma Masihiyawa sun gaji wannan tare da kowa. Amma gandu da gayya da kunyar ɗan fari da girmama na gaba abubuwa ne da Bamaguje ma ya taso a cikinsu. Mutumin da ya riƙe su bayan ya zama Kirista kayan gidansu ya riƙe. Wannan ne ma ya sa zama ya yiwu a ƙauyuka da yawa, inda tuwon Kirsimeti ke tsallaka danga, naman layya ya tsallako, kowa ya je wa ɗan'uwansa barka da ta'aziyya ba tare da ya bar addininsa ba. Ƙungiyar Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, wadda ta haɗa Kiristocin Hausa da Fulani da Kanuri, a kan wannan ta tsaya: cewa su 'yan ƙasa ne, ba baƙi ba.

Bai kamata a yi kamar an gina duk wannan ba tare da asara ba. 'Yan mishan na SIM masu tsanani ne. Sun hana giya, sun yi wa kiɗa da rawa kallon zargi a farko, sun ƙi yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma. Wannan hukunci na ƙarshe ya jefa gidaje cikin tsaka mai wuya, domin magidancin da ke son shiga cikakken zumunci sai ya zaɓi wadda zai rabu da ita, kuma mace da 'ya'yanta ne ke ɗaukar zafin. An kuma yi watsi da waƙoƙi da kirari da sanin itatuwan magani masu yawa saboda an haɗa su da bori, har da waɗanda ba su da wata alaƙa da shi. Abin lura shi ne inda aka samu gyara, daga hannun masu bi na ƙasa ya fito. Su suka dawo da ganga cikin majami'a, su suka sa wa waƙoƙin yabo karin gida, su suka mayar da gayya ta kunu da fura, har ta zama hanyar nome gonar ikilisiya da ta marar lafiya.

Barazanar yau ta bambanta da ta jiya. Gonaki a kewayen Kano sun tsattsage saboda rabon gado, birni kuma yana cin karkara ta gefen Gezawa da Ungogo, ana yanka filayen noma ana mayar da su fuloti. Saurayin da ba shi da gonar da za ta riƙe shi yakan tafi birni, can ya tarar da manyan coci-coci na zamani inda ake wa'azi da Turanci, ana kiɗa da jita da na'urar sauti, godiyar kaka kuma ta koma kuɗi a ambulan. Ba laifi ba ne mutum ya yi sujada da harshen da ya ga dama, amma irin wannan coci ba ta san kakarsa ba, kuma ba ita za ta je nema masa aure a ƙauye ba. A gida kuwa Masihiyawa sun daɗe suna kokawa a kan wahalar samun filin gina majami'a, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da malamin da zai koya wa 'ya'yansu addininsu a makarantar gwamnati. Cikin waɗannan koke-koke wanda ya fi nauyi shi ne na maƙabarta, domin jana'iza ita ce al'adar da ba ta jira, kuma a ƙasar da kowane taku na da mai shi, jama'ar da ba ta da filin binne matattunta sai ta ɗauki gawa zuwa wani gari. Wannan magana ce da dagatai da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi ke da ikon warwarewa, kuma a wuraren da aka warware ta, an yi ne ta tsohuwar hanya: dattawan ɓangarorin biyu suka zauna a ƙofar mai gari aka nuna fili.